Mulki da Fili: Yadda Sarauta da Siyasa Suka Shata Birnin Kano

Duk wanda ya hau Dutsen Dala da hantsi, ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, abin da zai fara gani shi ne cunkoson gidaje har iyakar ganinsa. In ya ƙara natsuwa sai ya soma rarrabewa. Zai hangi Goron Dutse wajen yamma, da koriyar ƙubbar Masallacin Juma'a da hasumiyoyinsa, da duhuwar itatuwan Gidan Rumfa a bayan masallacin. Can gabas kuwa, bayan inda ganuwa ta tsaya, zai ga wata duhuwar dabam, ita ce ta Nasarawa da Bompai. In banda duwatsun nan biyu, babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da ya sami kansa a inda yake haka kawai. Kowanne akwai mai iko da ya ce a sa shi nan, kada a sa shi can.

In ana maganar tarihin mulki a Kano, abin da aka fi kawowa shi ne sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu, sa'an nan gine-ginen da suka bari. Akwai kuwa wata shaida da ba a cika kula da ita ba, watau filin da aka bari babu gini. A gari mai albarkar kasuwa irin Kano, fili ba ya zama fetal don kansa, sai in akwai wanda ya hana a taɓa shi, kuma yana da ƙarfin da zai sa a ji hanin. Saboda haka in aka bi filayen Kano ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi wanda ya keɓe kowanne, da abin da yake tsoro, da mutanen da yake so ya raba, za a tarar da tarihin siyasar garin a shimfiɗe a ƙasa.

Bishiya da Kurmi

Littafin nan da aka sani da Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer kuma ya buga fassararsa da Ingilishi a 1908, ya fara ne da labarin wani keɓaɓɓen wuri. Shekarun da ake dangantawa da sarakunan farko Palmer ne ya lissafo su daga tsawon mulkin kowane sarki, don haka kirdado ne, amma jerin al'amuran a bayyane yake. Mutanen Dala suna da abin bauta, Tsumburbura, mazauninsa kuwa wata bishiya ce da aka kewaye da katanga, babu mai shiga sai Barbushe. Suna kuma da kurmin Jakara mai baƙin ruwa, wanda suka ɗauka shi ke yi musu gargaɗi in wata masifa na tafe. Ikon Barbushe, a taƙaice, ikon shiga inda saura ba su shiga ne.

Gidan Bagauda, wanda aka ce ya fara sarauta a wajejen shekara ta 999, ya shafe fiye da ƙarni uku yana ja-in-ja da ma'abota wannan bishiya. Sarki yana da dawaki da masu, amma su ke riƙe da wurin da talakawa ke shayi. Sarki Tsamiya (1307–1343) ya rushe katangar da yaƙi. A zamanin Yaji (1349–1385), da Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, aka gina masallaci a gindin bishiyar. Sai a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) aka sare ta, bisa shawarar Shehu Magili, aka ta da hasumiya a gurbinta. Abin lura shi ne babu sarkin da ya ce a rabu da wurin a koma wani. Wurin ake so, saboda kwarjinin da ya riga ya tara. Kurmin ma bai tsira ba, domin a gefen Jakara Rumfa ya kafa kasuwa, sunanta har yau Kasuwar Kurmi, alhali ko inuwar kurmin babu.

Ganuwa da abin da ta kewaye

Gijimasu (1095–1134) shi ya fara ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Rumfa ya faɗaɗa ta, aka sake ƙara ta wajen yamma a zamanin Muhammadu Nazaki (1618–1623). Ana yawan ambaton ganuwa a matsayin kariya daga abokan gaba, kuma haka ne, amma akwai wani aikin da take yi wa sarki a cikin gida. Ginin ƙasa ba abin da ake gamawa a huta ba ne. Kowace damina sai ta zaftare wani sashe, kowane rani sai an kira mutane su haƙo ƙasa, su kwaɓa, su buga tubali, su yi yaɓe. Sarkin da ganuwarsa ke tsaye sumul, kowane baƙo ya san yana iya tara dubban mutane su yi masa aiki. Wanda tasa ta zube kuwa ba ya bukatar a faɗa wa maƙwabtansa halin da yake ciki.

Labarin Wambai Giwa ya nuna haɗarin da ke cikin wannan lamari. Shi ne ya ɗauki nauyin ƙarin da aka yi a zamanin Nazaki, wajen Gadon Ƙaya da Kabuga zuwa Kansakali, kuma Tarihin Kano ya ce kowace safiya yakan kai wa ma'aikata ƙwarya 1,000 ta abinci da bijimai 50 har aka gama. Bawan sarkin da zai iya ciyar da jama'a haka, zai iya ciyar da rundunar yaƙi. Fada ta fahimci wannan sarai. Da ƙarfinsa ya yi yawa aka ji tsoron tawaye, aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi.

Ƙofofi kuwa kowace da sarkin ƙofarta. Kyaftin Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya ƙirga ƙofofi 15, ya ce ƙyamarensu na katako ne da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da fitowar rana, a rufe da faɗuwarta. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar mil 15, mutanen garin kuma tsakanin 30,000 da 40,000. Amma abin da ya fi muhimmanci ga wannan bayani shi ne wani abin da ya lura da shi: gidaje ba su ci fiye da rubu'in ƙasar da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna da fadama.

Me zai sa sarki ya wahalar da talakawansa su kewaye fili ninki huɗu na abin da gidajensu ke bukata? Dalilin yaƙi ne. In mahara suka taso, mutanen ƙauyuka na kewaye sukan kwaso iyali da dabbobi su shigo birni, dole a sami inda za su sauka da inda shanu za su yi kiwo. In aka yi wa gari ƙawanya har damina ta faɗi, dole a sami inda za a shuka gero da dawa. Ashe filin nan rumbu ne, kuma alkawari ne tsakanin sarki da mutanen karkara: su kawo haraji da aikin gayya, shi ya ba su mafaka ran tsanani. Ba kullum alkawarin ke cika ba, don a ƙarni na 17 Kwararafa sun keta ganuwar sun shiga birnin. Duk da haka babu attajirin da ya isa ya yanki wannan fili ya gine ba da yardar fada ba.

Ƙasar da aka yi ganuwa da gidaje da ita daga cikin garin aka haƙo ta, ramukan kuwa suka zama kududdufai. Su ke shanye ruwan sama in an yi mamako, su ake shayar da dabbobi, daga gare su ake ɗibar ruwan gini. Suna haifar da sauro, lalle, Turawan da suka ziyarci garin duk sun yi kuka da su, amma aikin da suke yi bai fito fili ba sai da aka cike su.

Gidan Rumfa

Babban aikin Rumfa a kan shimfiɗar gari shi ne ɗauke fada daga tsofaffin unguwannin da ke kusa da Dala. Ya zauna a gidan da yanzu ake kira Gidan Makama, sa'an nan ya gina sabon gida a kudu, a filin da ba shi da tsohon mai shi, ya janyo ganuwa ta rufe shi. Sarkin da ke zaune a tsakiyar tsofaffin gidajen sarauta, a idonsu yake, kowa ya san shigarsa da fitarsa. Wanda ya koma sabon wuri kuwa shi ke zaɓen maƙwabtansa. Rumfa ya gina Masallacin Juma'a, ya sa kasuwa daga arewa, ya keɓe filin sallar Idi. Zuriyar Shehu Magili suka sami unguwarsu, Sharifai. Ta haka malami da ɗan kasuwa da mai sarauta kowanne ya san inda zai dosa, kuma duk hanyoyin suna haɗuwa a ƙofar mutum ɗaya.

Gidan da kansa ya kai eka 33. Clapperton ya kamanta shi da ƙauye mai katanga. Ba duka aka gine ba: akwai Sheka, watau lambunan itatuwa na cikin gida, akwai sarari na dawaki, akwai soraye da zauruka bi da bi, ta yadda matsayin mutum shi ke nuna iyakar inda zai tsaya. Talaka ya tsaya a waje, hakimi ya wuce ciki kaɗan, can ƙurya kuwa sai mata da kuyangi da babanni. Dabarar Barbushe ce aka sake ginawa da soraye.

Kwarjinin wannan gida ya fito sosai bayan jihadi. Da jama'ar Shehu suka ci Kano a 1807, Sarki Alwali ya fita, aka naɗa Sulaimanu, shugabannin Fulani ba su so ya shiga Gidan Rumfa ba, don gudun kada ya ɗauki halin sarakunan da aka kora. Ya sauka a wani gida dabam. Tarihin Kano ya ce wani daga cikin Kanawan da suka rage ya gaya masa cewa muddin bai shiga gidan ba, birni da ƙauye ba za su ɗauke shi sarki ba. Sai da aka aika wa Shehu Usmanu, izini ya zo, sa'an nan ya shiga. Mutanen da suka kawar da daular da ta yi shekaru wajen 800 sun kasa kawar da abin da gida ɗaya yake nufi a zukatan talakawa. Abin da suka iya yi shi ne juya fuskarsa. Tsohuwar ƙofa tana arewa, wajen kasuwa. A zamanin sarakunan Fulani babbar mashiga ta koma kudu, kuma Ƙofar Kudu da aka sani yau ana danganta gininta da Abdullahi Maje Karofi, a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Sararin da ke gabanta shi ne inda hakimai ke zuwa jahi da salla, kowanne da jama'arsa, a jere bisa daraja, jama'ar gari na kallo.

A bayan gari ma hannun sarauta ya bar zanensa. Ibrahim Dabo (1819–1846) ya kafa sansani a Fanisau don tare Ɗan Tunku daga arewa, can ma Clapperton ya same shi. Irin waɗannan ribaɗai, da gandayen sarki kamar na Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa, bayi ne suka nome su. Duk wanda ya yaba da kyawun karkarar Kano ta wancan zamani, gona na bin gona, ga ɗorawa ga kuka ga rimi, ya kamata ya tuna da waɗanda aka kamo daga wasu ƙasashe aka sa su riƙe fartanya.

Yadi 440

Ran 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa Ƙofar Kabuga da igwa, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya iso daga baya ya ga ganuwar, ya ce bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. A lissafinsa kewayenta mil 11 ne, ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40. Daga ranar nan aikinta na yaƙi ya ƙare. Turawa ba su rushe ta ba, sai suka ba ta sabon aiki.

Sun sauka a Nasarawa, inda sarki ke da gida da gandu a bayan gari, kuma a wannan yanki da Bompai barikinsu ya zauna. Tsarin mulkin da Lugga ya shimfiɗa yana bukatar sarki mai kwarjini a cikin birninsa, wanda zai tara haraji ya riƙe talakawa, Razdan yana daga gefe yana ba da umarni da sunan shawara. Don haka sai ganuwa ta zama iyaka ta doka. A ciki akwai sarki da alkali da En'e. A waje akwai dokar Ingilishi. An hana 'yan mishan aiki a cikin birni, an kuma nisantar da baƙi 'yan Kudu daga zama a can, don kada su kawo wa talakawan sarki ra'ayoyin da za su dagula lissafi. Kalmomin nan biyu, Birni da Waje, waɗanda Bakano ke faɗa ba tare da tunani ba, daga nan suka sami nauyinsu na siyasa.

Ƙasar kanta ta canja hannu. Dokar 1910 ta sa dukan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna, shi ke bayarwa, shi ke karɓewa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka sa tashar a gabas da ganuwa, ba a cikin birni ba. Cinikin gyaɗa ya buɗe tun daga 1912, kamfanonin Turawa suka jera kantuna kusa da tasha, Kwarori suka sami nasu layin wajen Fage. A wajejen 1913 aka yanka Sabon Gari domin akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Titunansa miƙaƙƙu ne, sun gitta juna kamar gidan dara, irin shimfiɗar da ɗan sanda ɗaya zai tsaya a kan kwana ya hango ƙarshen layi, sabanin lungunan birni waɗanda baƙo ba ya fita sai da ɗan jagora. Nauyin arzikin Kano ya tashi daga Kurmi ya koma bakin dogo, har dalar gyaɗa ta zo ta ari sunan dutsen Barbushe.

Tsakanin waɗannan unguwanni da unguwar Turawa aka bar fili, kuma wannan fili shi ne zuciyar tsarin. A 1897 Ronald Ross ya gano a Indiya cewa sauro ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓi. Likitocin da aka aiko Afirka ta Yamma bayan haka suka ba da shawarar a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, wai don sauro na ɗebo cutar daga jinin yaran 'yan ƙasa ya kai wa Bature da dare. A Saliyo har unguwa aka gina musu a kan dutse a bayan Firitawun, da ɗan jirgin ƙasa mai kai su ofis. Lugga ya rungumi wannan ra'ayi, Dokar Garuruwa ta 1917 kuma ta tabbatar da shi: a kewaye unguwar Turawa da sarari mai faɗin yadi 440, watau rubu'in mil, wanda ba a yarda kowa ya gina gidan kwana a ciki ba. An ɗauka sauro ba ya wuce wannan nisa. Lugga ya ƙara da wasu dalilai, su ne gobara da ƙarar ganguna.

Hujjar lafiyar ba ta da ƙwari, kuma tun a lokacin akwai waɗanda suka faɗi haka. William MacGregor, Gwamnan Ikko, wanda shi kansa likita ne, ya ƙi yarda da wariyar, ya ce maganin abin shi ne a yaƙi cutar a jikin kowa da kowa. Ga kuma wani abin da ke rushe hujjar daga tushe: kuku da boyi da mai kula da doki duk a bayan gidan Bature suke kwana. Sauron da aka ce ba ya iya tafiyar yadi 440 ba zai kasa tafiyar yadi 50 ba. Abin da filin ya tsare a gaskiya shi ne nisa tsakanin mai mulki da wanda ake mulka.

A cikin unguwar Turawa kowane gida yana da fili mai zurfin yadi 100, faɗinsa yadi 70 zuwa 100, da shingen itace ko katanga, da ciyawa da itatuwan inuwa, ɗakunan barori a can baya kusa da hanyar masu kwasar bahaya. A irin filin da ake cusa gidaje da yawa a Sabon Gari, mutum ɗaya ke zaune da karensa. An jera maɗaci a bakin tituna, daga baya darbejiya ta zo, itacen Indiya wanda aka fara dasawa a Barno a wajejen 1928, yau kuwa yaro zai rantse tun kaka da kakanni yake nan. Sararin da aka hana gini a kai an yarda a yi wasa a cikinsa, don haka Kano ta sami filin sukuwa da na folo da na ƙwallon lambu. A filin wasan dawakin nan ne jiragen sama na farko suka sauka a Kano, guda 3 na sojan Ingila daga Masar, a watan Nuwamba 1925. Hawan salla ma ya bi sabuwar taswira: a Hawan Nasarawa sarki ke fita daga ganuwa ya je gaida Razdan, kamar yadda daga baya yake zuwa Gidan Gwamnati.

An mai da Sabon Gari ƙarƙashin En'e a 1940, amma shekaru kusan 30 na zaman kowa da nasa sun riga sun yi aikinsu. A watan Mayu 1953, da rikicin neman mulkin kai ya kawo tawagar S. L. Akintola Arewa, faɗan da ya ɓarke a Kano ya bi layin da masu awo suka shata, mutanen Birni da Fage a gefe ɗaya, na Sabon Gari a ɗaya gefen. Aƙalla mutum 36 suka mutu a cikin kwana huɗu.

Magada

Da Turawa suka tafi a 1960, ba a rushe tsarin ba, gadonsa aka yi. Manyan ma'aikatan gwamnati suka shiga gidajen Nasarawa, da lambunansu da ɗakunan barorinsu, sunan G.R.A. ya zauna daram, sai dai ma'aunin shiga ya tashi daga launin fata ya koma matakin albashi. Har yau in gwamnati za ta yanka sabuwar unguwa, takan raba ta gida uku, ta masu sarari da ta matsakaita da ta cunkoso, kuma ba a cika tambayar inda aka samo wannan rabo ba. Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta bi sawun ta 1910. An yi wa Kano babban tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda B. A. W. Trevallion ya jagoranta, amma garin ya riga takarda gudu.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo ya kai aikin shata ƙasa har karkara. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta mai da Kadawa da kewayenta ƙasar noman rani, alkama da tumatir da shinkafa. Ruwan da aka tare a sama kuwa shi ne wanda a da yake malala a fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka dogara da ambaliyar kowace shekara. Su ba a zauna da su ba sa'ad da ake zana madatsar.

A cikin gari, abin da ya fi kowane tasiri shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki na 1979. Ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, amana domin jama'a, shi ke sa hannu a takardar shaidar mallaka, shi ke soke ta in ya ce bukatar jama'a ta taso. Shekara biyu kafin nan, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya riga ya kawar da En'e. Ikon da ya tashi daga fada ya koma hannun Gwamnan Ingilishi, yanzu ya sauka a teburin mutumin da ke da zaɓe a gabansa, da magoya bayan da ke jiran sakayya. Barbushe da Rumfa da Lugga sun nuna ikonsu ta hanyar hana taɓa fili. Gwamnan zamani ya fi nuna nasa ta hanyar raba shi.

Sakamakon a bayyane yake ga duk mai yawo a gari. Gonakin cikin ganuwa sun zama unguwanni, wannan kuwa dole ne ga garin da mutanensa suka tashi daga dubbai suka koma miliyoyi. Amma kududdufai ma an cike su da shara an gine, an rufe Jakara da kankare, ruwan da ya rasa masauki kuma yakan nemi ɗakunan mutane. An sa ganuwa cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1959, aka shigar da ita jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a 2007, duk da haka ana ta ɗibar ƙasarta ana kafa shaguna a kanta. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina wata da siminti.

A watan Yuni 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da shi, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa katafila ta rushe gine-ginen da aka yi a filayen da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta bayar: a Filin Sukuwa, da harabar Otal ɗin Daula, da shagunan Filin Idi, har da shataletalen ƙofar Gidan Gwamnati wanda aka gina a 2017 don cikar jihar shekara 50. Gwamnati ta ce filayen jama'a take ƙwatowa. Masu shaguna suka ce da takardun gwamnati suka saya. Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya 'yan kasuwar Filin Idi diyyar Naira biliyan 30, daga baya aka daidaita a kan biliyan 3. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, amma sayarwar da rushewar duk daga tushe ɗaya suka fito, watau sa hannun mutum ɗaya, kuma ɗan kasuwar da ya zuba jarinsa shi ya kwana a tsakani.

Gidan Rumfa kuwa bai rasa nauyin da Sulaimanu ya tarar da shi ba. A 2019 aka raba masarautar Kano gida biyar, a 2020 aka tuɓe Muhammadu Sanusi II aka naɗa Aminu Ado Bayero. A watan Mayu 2024 Majalisar Dokokin jihar ta soke dokar rabon, gwamna ya mai da Sanusi kan sarauta, kuma tun kafin gari ya waye ran 25 ga wata aka shigar da shi Gidan Rumfa. A ranar nan Aminu ya dawo Kano, ya sauka a gidan sarki na Nasarawa, inda aka binne mahaifinsa Ado Bayero a 2014, a unguwar da Turawa suka fara kafa barikinsu. Lauyoyi suka nufi kotuna, sarakunan biyu kuwa kowanne ya zauna da dogarawansa yana karɓar gaisuwa, ɗaya a cikin ganuwa, ɗaya a wajenta.